Jam ɗin mangwaro mai yaji: me ke hana shi kamawa, me ke kawo masa fumfuna?

"Assalamu alaikum Anti. Daga Jega nake rubuto miki. Bana mangwaro ya yi araha har zubarwa ake yi, sai na ce bari in gwada jam mai ɗan yaji irin wanda na taɓa ci a gidan wata ƙawata. Sau uku ke nan ina yi. Na farko ya fito ruwa tsululu kamar kunu. Na biyu na bar shi ya daɗe a wuta, da ya huce sai ya zama kamar alewa, cokali ma ba ya shiga, ga yaji ya yi yawa. Na uku ya yi kyau a ido, na rage masa suga saboda maigida ba ya son zaƙi sosai, amma ko sati biyu bai yi ba na ga fumfuna a samansa. Nunannen mangwaro lugub nake zaɓa, attarugu nake sawa, a kwalbar bama nake zubawa. Don Allah Anti ina kuskuren yake? Ina so in ƙware ko zan riƙa sayarwa."

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Wadda ta yi asarar suga har sau uku kuma ba ta haƙura ba, da gaske take yi, don haka zan ba ki amsa a tsanake.

In na fahimce ki, tambaya uku kika ɗaure wuri ɗaya: me ke sa jam ya kama ko ya ƙi, yaya ake shawo kan yaji a cikinsa, sannan me ke lalata shi bayan an zuba a kwalba. Ni a ganina duk ukun saiwarsu ɗaya ce. Kin yi wa jam irin girkin miya, da ido da ɗanɗanon harshe, alhali shi abin awo ne. Sannan na karanta saƙonki sau biyu ina neman inda kika ambaci tsami, ban gani ba. A nan zan fi daɗewa, domin nan ne gizo ke saƙar.

Dafa ruwan 'ya'yan itace har ya yi kauri ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun yi maɗin ɗinya, kuma har gobe ana yin mazarƙwaila da ruwan rake. Amma su waɗannan, ruwa kawai ake ƙonawa har abin da ya rage ya yi tauri. Jam ba haka yake ba. Shi daskarewa yake yi tun da sauran ruwa a jikinsa, shi ya sa ake iya shafa shi a burodi ya bi wuƙa ba gardama. Abin da kika yi a karo na biyu, in za mu faɗi gaskiya, mazarƙwailar mangwaro ce.

Duwatsun murhu uku

A jikin kowane ɗan itace akwai wani danƙo da ke riƙe tsokarsa, masana na kiransa fektin. Wani Bafaranshe mai suna Henri Braconnot ne ya ware shi ya raɗa masa wannan suna a 1825, amma mata sun daɗe suna cin moriyarsa ba su san sunansa ba. Wannan danƙon ne ke sa ɗanyen mangwaro ya yi ƙwari, ki ciza ki ji ƙaras. Yayin da mangwaro ke nuna, danƙon yana ta tsinkewa a hankali, shi ya sa yake yin laushi har ya koma lugub. Kin ga ke nan mangwaron da kika zaɓa, wanda ya fi daɗi a baki, shi ne wanda danƙonsa ya riga ya ƙare. Kin je neman kauri a inda babu shi.

Ko da fektin yana nan, shi kaɗai ba ya daskarewa. Sai suga ya janye ruwan da ke kewaye da shi, sai kuma tsami ya sa zararrukansa sun daina gudun juna sun sarƙe kamar raga. Fektin, suga, tsami: duwatsun murhu ne, in kin ɗauke ɗaya tukunya ta kife. Na farkonki babu fektin babu tsami. Na biyu ma babu su, sai kika rama da wuta. Na uku kuma kika taɓa suga.

Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH. Tsaftataccen ruwa yana kan 7, kuma duk yadda lamba ta yi ƙasa to tsami ya ƙaru. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Jam ya fi kamawa in ya sauko wajen 3 zuwa 3.3. Nunannen mangwaro kuwa galibi yana sama da 4, gwanda da kankana ma sun haura 5. Tazarar ba ta da yawa a ido, amma kowace lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce. Saboda haka dole a kawo tsamin daga waje.

Abin da nake yi shi ne, in haɗa kashi uku na nunanne da kashi ɗaya na wanda ya ƙosa amma bai nuna ba, wanda in kin yanka za ki ga tsokarsa ta fara rawaya amma har yanzu yana tsinka haƙori. Nunannen ya ba da ƙamshi da launi, ɗanyen ya ba da danƙo da tsami. Sannan kowane kilo ɗaya na tsoka ina matsa masa ruwan lemun tsami babban cokali huɗu. 'Ya'yan lemun da wannan farin abu na cikin ɓawonsa kada ki zubar, nan fektin ya fi taruwa. Ki ƙulle su a tsaftataccen ƙyalle fari ki jefa a tukunya, in an gama ki matse ki fitar. Kada dai ki sa koren ɓawon da yawa, yana kawo ɗaci.

Game da irin mangwaron, mai tsoka irin paparanda ya fi sauƙin aiki. Binta suga tana da zaƙi da ƙamshi, sai dai tana neman ƙarin tsami. Mai zare kuwa, wanda ya fi araha in kaka ta kama, yana yin jam mai daɗi ƙwarai in kin yarda da wahalar tacewa: ki dafa shi ya yi laushi ki murza a rariya, in ba haka ba mai ci zai wuni yana sakace.

In lemun tsami ya yi tsada, muna da wasu a gida. Jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri tana aiki, kuma ɗanɗanonta da attarugu sun dace matuƙa, sai dai za ta mai da jam ɗin ruwan ƙasa. Zoɓo yana da tsami yana da nasa danƙon, zai ba ki ja mai kyau, ni ma har jam ɗin zoɓo zalla da citta nake yi da rani in babu mangwaro. Gwaiba tana da fektin sosai, in kin haɗa ta da mangwaro ba ki da fargabar kamawa. Garin ƙwame ma, wato farin garin cikin ɗan kuka, cokali ɗaya ko biyu yana ƙara kauri da tsami, amma yana dusashe sheƙin jam ɗin. Duk da haka, in don sayarwa ne, lemun tsami na fi so, domin ba ya canja launi. Mutane da ido suke fara saye.

Awo da dafuwa

Ki sayi ƙaramin sikelin kicin. Na san za ki ce ga gwangwani ga kofi, amma mangwaro ba ya aunuwa da gwangwani, yau ki yanka manya gobe ƙanana. In dole sai da kofi, mai cin mililita 250 yana ɗaukar suga kimanin gram 200.

Ga awon da na tsaya a kai bayan shekaru ina gwadawa. Tsokar mangwaro kilo 1, bayan an fere an cire ƙwallo, wato gram 750 nunanne, gram 250 ɗanye. Suga gram 800. Ruwan lemun tsami babban cokali 4. Attarugu 1 ko 2, tattasai ja 1, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, gishiri ɗan tsunkule. Gishirin ba don a ji shi ba ne, fito da ƙamshin mangwaron yake yi.

Ki fara gurza ɗanyen mangwaron ko ki yanka shi ƙanana, ki ɗora da ruwa rabin kofi da ƙullin 'ya'yan lemun nan, ya dahu har ya yi laushi. Wannan matakin kada ki tsallake shi. In suga ya shiga tun ɗanyen bai yi laushi ba, gutsattsarin za su ƙanƙance su yi tauri, kuma ko kwana za ki yi kina dafawa ba za su sake ba. Bayan ya yi laushi sai ki zuba nunannen da kika dama, da lemun tsami, da kayan yaji, sannan suga. A nan wuta kaɗan ake so, kina juyawa da muciya har sai kin daina jin ƙurus-ƙurus na suga a gindin tukunya. Da ya narke duka, sai ki saki wuta. Jam yana son tafasa mai ƙarfi ta ɗan lokaci, ba ya son zabalbala ta awa biyu, domin doguwar dafuwa tana kashe fektin ɗin da kika sha wahalar nemowa, ta baƙanta launi, ta kori ƙamshi. A faffaɗar tukunya, minti 20 zuwa 30 ya isa kilo ɗaya. Farar kumfa za ta taso, ki kwashe ta da ludayi, yara za su taya ki da ita.

Tukunya ta zama mai faɗin baki, kuma kayan kada su wuce rabinta, don yana tasowa yana fantsama, ƙunar jam kuwa ta fi ta ruwan zafi muni saboda liƙewa yake yi a fata. Tukunyar dalma ki bar wa tuwo. Tsami yana cin jikinta, jam ɗin ya yi duhu ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. Ki nemi ta sitil marar tsatsa mai kaurin gindi. Gas ya fi, don kina iya rage wuta nan take. In gawayi ne, ki tanadi wurin da za ki sauke tukunyar da sauri, domin garwashi ba ya jin a rage.

Bari in ba ki labarin tawa wautar. Shekarun baya wata 'yar'uwa ta ce in yi mata kwalba arba'in za ta raba a bikin ɗiyarta. An kawo mini mangwaro kwando biyu daga Zuru, ni kuma ina ganin na ƙware, na ce me zai sa in yi ta ɗora ƙananan tukwane. Na ari ƙatuwar tukunyar biki na juye komai, wajen kilo goma sha biyu, na hura itace. Tun bayan azahar nake juyawa har aka kira magariba bai kama ba, saman ruwa, gindin kuma ya fara ƙanzo. Da na sauke, kalarsa kamar daddawa, ga ƙaurin ƙuna. Washegari na sake sayen suga daga aljihuna na yi shi kilo biyu-biyu, tukunya shida. Tun daga ranar ban ƙara haura kilo biyu a ɗori ɗaya ba. Ruwa ta sama yake fita, in kayan sun yi zurfi ba ya samun hanya da wuri.

To yaya za ki gane ya yi? Masu ma'aunin zafi suna jira ya kai digiri 104 zuwa 105, wato digiri huɗu ko biyar sama da inda ruwa ke tafasa. In ba ki da shi, ga gwajin faranti. A littattafai za su ce ki sa faranti a firiza, mu kuwa mun san halin wutarmu. Ki sayi ƙanƙara ta leda ki ɗora farantin tangaran a kanta tun kafin ki kunna wuta. In kin ga kumfar tafasa ta canja, ta daina yin ƙanana masu sauri ta koma manya masu nauyi suna fashewa ɓul, ɓul, sai ki sauke tukunyar gefe, ki ɗiga rabin cokali a farantin, ki ƙirga minti ɗaya, ki tura shi da yatsa. In samansa ya yamutse kamar fatar tsohuwa, kuma hanyar da yatsanki ya bi ba ta rufe ba, ya yi. In ya malalo ya cike gurbin, ki mayar minti uku ki sake gwadawa. Ki lura na ce ki sauke tukunyar kafin gwaji. Da yawa a nan suke wuce gona da iri, suna can suna duba faranti jam yana can yana zama alewa. Da zafinsa dole ki gan shi ruwa-ruwa, sai ya kwana yake nuna ainihin kaurinsa.

Akwai kuma dabarar da na fi amincewa da ita, tunda kin sayi sikeli. Ki auna tukunyar tana fanko ki rubuta. Da wannan awon da na ba ki, in abin da ke ciki ya sauko kusan kilo 1 da gram 400, to suga ya kai wajen kashi 65 cikin ɗari, kuma nan ake so. Ki dai ɗora katako a kan sikelin kada zafi ya narka shi.

Tsamin nan yana da wani aiki da ba a cika faɗa ba. In ya haɗu da zafi yana farfasa wani ɓangare na suga ya koma irin wanda ba ya saurin ƙanƙarewa. Jam ɗin da ba shi da tsami shi ne za ki buɗe bayan wata guda ki tarar suga ya fito tsaki-tsaki kamar yashi.

In irin na farko ko na biyu ya sake faruwa kada ki zubar. Mai ruwa, ki mayar wuta da lemun tsami da gurzajjen ɗanyen mangwaro da kika riga kika dafa, ko ki bar shi haka a riƙa zubawa a kan masa ko a dama a yogot. Mai tauri, in dai bai ƙone ba, ki zuba masa ruwan zafi kaɗan ki narka a wuta marar ƙarfi, yana yin kyau a shafa wa kaza ko kifi in an kusa sauke gashi.

Maganar yaji

Yawancinmu mun tashi da cewa 'ya'yan barkono ne ke da zafi. Ba su ba ne. Ki tsaga attarugu ki duba wannan farar jijiya da 'ya'yan ke manne a kai, a nan sinadarin raɗaɗin yake, ana kiransa kafsaisin. 'Ya'yan shafa kawai suka samu don maƙwabtaka. In kin kankare jijiyar da cokali kin rage kaso mai yawa na zafin, ƙamshin attarugu kuma yana nan, shi ne ma abin da muke nema, domin ƙamshinsa yana da wani kama da na 'ya'yan itace, shi ya sa yake tafiya da mangwaro da abarba.

A ma'aunin zafin yaji da wani masani mai suna Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, dangin attarugu suna tsakanin 100,000 da 350,000. Dubi faɗin wannan tazara. Ma'anarta attarugu biyu daga tire ɗaya, wani zai iya ninka wani sau uku. Don haka ko ni da na ce miki ɗaya ko biyu, ba doka ba ce. Ki yanki ɗan ƙyas ki taɓa a harshe kafin ki yanke shawara.

Abin da ya faru da naki na biyu a bayyane yake. Dafuwa ba ta kashe zafin yaji. Ruwa ya tafi, yaji ya zauna, sai ya taru a ɗan abin da ya rage. Sannan zaƙi yana rufe shi a farko: ki ɗanɗana a tukunya ki ji kamar babu, ki ƙara, sai an haɗiye ya biyo baya ta maƙogwaro. Bayan kwana biyu a kwalba ma ƙara fitowa yake yi. Saboda haka ki tsaya tun kina ganin kamar bai isa ba. Ni yanzu gida biyu nake raba shi. Tattasai da citta da rabin attarugu su shiga tun farko, sauran rabin a yanka ƙanana a zuba saura minti biyar a sauke, ya tafasa tare. Haka za ki ga ɗigo-ɗigon ja a cikin rawaya, abin sha'awa a kwalba. In kuma don yara da tsofaffi ne, ki tsaga attarugu ɗaya ki jefa shi sukutum, ki riƙa ɗanɗanawa, in ya kai yadda kike so ki tsamo shi.

Yaji ba attarugu kaɗai ba ne. Kanumfari guda uku sun isa kilo ɗaya, in ya wuce haka sai jam ya koma warin maganin haƙori. Masoro kaɗan yana da kyau da abarba. Kimba ki bar ta, tana danne komai. Dakakken yajin tuwo ko na tsire kada ya shiga, akwai ƙuli da magi da mai a ciki, kuma mai yana saurin sa abu ya yi ɗan wari.

Ki sa leda a hannu in za ki yanka, ki buɗe taga. Ranar da na fara dafa attarugu shida a rufaffen kicin, har maƙwabta sai da suka yi tari. In ya taɓa hannu, ruwa ba ya wanke shi, ki shafa man gyaɗa sannan ki wanke da sabulu. In baki ne, nono ko madara.

Fumfuna, da abin da ya fi fumfuna haɗari

Suga a jam ba don zaƙi kaɗai yake ba, shi ne gishirin kilishinsa. Yana riƙe ruwan da ke ciki ta yadda ƙwayoyin da ke lalata abinci ba za su samu na sha ba. Ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex ta sa jam ya kai kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari ko sama. Da kika rage suga don maigida, kin buɗe wa fumfuna ƙofa, ga kuma zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Kebbi da kan haura digiri 40. In zaƙin ne ya dame shi, magani shi ne ƙarin lemun tsami da citta, su ke karya zaƙi a baki, ko ya rage yawan da yake shafawa. In kuma lallai mai ƙarancin suga ake so, ki yi kaɗan, ya zauna a firji, a cinye cikin sati biyu. Wannan ba na ajiya ba ne, ba kuma na sayarwa ba. In dalilin ciwon suga ne, wannan ya wuce hurumina, likitansa zai faɗa masa abin da ya dace da shi. Zuma da mazarƙwaila duk suga ne a wurin mai wannan lalura, kada a ruɗe ki.

Kwalbar bama ba laifi in ta gilashi ce kuma bakinta bai ɓantare ba. Matsalar a murfi take. Mai yana maƙalewa a robar cikinsa, kuma murfin da aka sha buɗewa ba ya rufewa gam. Na roba kuwa ba ya jure tafasa. In da hali ki sayi sababbin murafe na ƙarfe. Ki wanke kwalaben da sabulu, ki tafasa su minti 10, ki kife a tsaftataccen tire su tsane da kansu, kada ki goge cikinsu da tsumma. Ki zuba jam yana da zafi a kwalba mai zafi, in ta yi sanyi fashewa za ta yi. Ki bar sarari kamar rabin santimita zuwa ɗaya a sama, ki goge bakin, ki rufe nan take. Daga nan ki shimfiɗa ƙyalle a gindin babbar tukunya, ki jera kwalaben a tsaye, ki zuba ruwan zafi ya shanye kansu da kamar yatsa biyu, su tafasa minti 10 zuwa 15. Ki fito da su ki bar su inda iska ba ta kaɗawa har su kwana. Da safe ki danna tsakiyar murfin. In ya lotsa ciki ba ya motsi, ya rufu. In yana ƙwas-ƙwas, wannan ta gida ce, a fara cinye ta.

Wanda ya rufu haka yana yin watanni a wuri mai duhu da sanyi, ƙarƙashin gado ya fi saman kanta kusa da rufin kwano. Da an buɗe kuwa lissafi ya canja: busasshen cokali kawai, kada a mayar da wuƙar da ta taɓa bota, kuma in babu firji a cinye cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa na fi son ƙananan kwalabe. Wanda ya riga ya yi fumfuna ki zubar duka. Kwashe saman ba ya isa, saiwoyinta suna shiga ciki inda ido ba ya gani, wasu kuma suna barin guba.

Fumfuna dai ana ganinta. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira botulinum wadda ke tsiro a rufaffen abinci marar tsami, inda iska ba ta shiga, kuma gubarta tana shanye jiki har ta kashe, sau da yawa ba tare da abincin ya yi wari ko ya canja kala ba. Ba ta iya tsiro in pH yana ƙasa da 4.6. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake nanata tsami. Attarugu, tattasai, albasa da tafarnuwa duk ba su da tsami. Wasu suna ganin albasar Aliero ta yi araha sai su zuba ta da yawa a jam mai yaji, su rufe su ajiye a ɗaki. In za a yi irin wannan, sai da ruwan kal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari da awo na daban. Haka gwanda da kankana, ba na yin jam ɗinsu su kaɗai, sai na haɗa da abarba ko zoɓo na ƙara lemun tsami.

In za ki sayar

Daga nan ba zan iya ɗanɗana mangwaronki ba, ban ga tukunyarki ba, ban ga murafenki ba, don haka awon da na ba ki mafari ne. Na gida da na 'yan'uwa, harshe da faranti da sikeli sun wadatar. In kuwa kuɗin mutane zai shiga, ki nemi takardar gwajin pH ko ƙaramar na'urarsa, ki tabbatar kowane ɗori yana ƙasa da 4. In za ki sa a shaguna da suna da lakabi, sai da rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, su ne kuma za su gaya miki sharuɗɗansu na wurin aiki da gwaji. Kowace kwalba ki rubuta ranar da aka yi ta da abin da ke ciki, musamman cewa akwai yaji, kada wata ta shafa wa ɗan yaye.

Wani abu kuma, mutanenmu burodi kaɗai suka san ana ci da jam, mai yaji kuwa ya fi haskawa a wani wurin. Ki soya awara ko ƙosai ki kai wa maƙwabta da ɗan cokali a gefe, ko soyayyen kifin Yauri. Ni da awara na samu masu sayena na farko, 'yan makaranta.

Yanzu ki fara da rabin awon nan: tsoka gram 500, suga gram 400, lemun tsami cokali 2, rabin attarugu, ki sauke in ya kai gram 700. Ki samu littafi ki rubuta irin mangwaron, mintin da ya yi a wuta, da yadda ya kwana. Zai ba ki ƙananan kwalabe uku. Ku ci biyu, ɗaya ki rubuta mata kwanan wata ki tura ƙarƙashin gado, kada kowa ya taɓa sai bayan wata uku. In kin buɗe ki rubuto mini abin da kika gani. A gaida maigida da yara.